Wat 8000 bisa kwali, alminiyon cikin ciki

Kai yaro, aje wayar nan ka dube ni. Ka ce yayarka na son blanda mai ƙarhi wadda ba ta da tsada, ka ga wata cikin waya an rubuta mata wat 8000, shi ne kake tambaya ko ita za ku saye. Shekara biyu kana shagon ga kana kwance inji, amma lissahin soket ya gagare ka? Fiyus ɗin fulogi am 13 ne, wutarmu bolt 230. Buga 13 sau 230 ka gani, ko wat 3000 bai cika ba. To ta wace ƙohwa 8000 za ta shiga? Ku yaran yanzu duk abin da anka rubuta da manyan baƙaƙe kun hau kun zauna.

Ko da yake ni ma da gemuna anka yi man ita, kuma har gobe in na tuna sai abinci ya hita raina.

Ana saura sati biyu azumi wani mutum yaz zo nan da blanda guda, wai daga Legas yake kawo kaya. Ni ba yaro ba ne, sai da na kwance ta gabanai. Koyil, wato wayar da anka naɗe cikin injin, ja wur, na kankare da reza, tagulla ce har ciki. Na ɗaga, da nauyi. Na jiƙa wake na zuba, ta niƙe shi lukui awa na injin markaɗe. Nan take na ce shi kawo man ashirin da huɗu. Kuɗɗin da nike tarawa in sake rufin ɗaki kahin damina, su na ƙirga mai a hannu, har da yi mai rakkiya bakin titi ina godiya.

Cikin kwana goma sunka ƙare. Matan nan Sakkwato, na Mabera, na Runjin Sambo, har daga Arkilla ana aiko yara, don an ji ni na ce tana da kyau. Sunana anka saye, ba blanda ba.

Azumi na huɗu, bayan la'asar, ga wata yarinya da blanda cikin leda, ƙullun ƙosai na ɗiga, wai innarta ta ce ta yi hayaƙi. Tun kahin in kwance na ji ƙaurin. Da na sa reza bisa wayar, ja ya tashi awa ɓawon albasa, ƙarƙashi hwari tas. Alminiyon ne anka shafa ma jan fenti. Guda ɗayan da yan nuna man ce kaɗai ta gaskiya, ita ma ya koma da abinai. Kahin sallah goma sha bakwai sunka dawo. Kuma alminiyon ba ya gyaruwa yadda kake so, dalma ba ta kama shi, in ka ɗaure yau gobe ya sake zahi ya saki. Wata tsohuwa ta tsaya nan inda kake tsaye, da azumi a bakinta, ta ce man "Malam, ashe kai ma haka kake?" Wannan maganar ta hi kuɗɗin yi man ciwo. Babur ɗina na kai kasuwa na saida na biya mutane ɗaya bayan ɗaya, damina ta same mu da kwanoni muna tarbar ruwa cikin ɗaki. Lambar mutumen kuwa har yau a kashe take. Na bar shi da Allah, amma ban yahe ba.

To ka hwaɗa ma yayarka ta manta da kwali. In kun shiga Sabuwar Kasuwa, ka cire jog ka ɗaga gindin kaɗai. Tagulla ta hi alminiyon nauyi nesa ba kusa ba, hannunka zai ba ka labari. Ka juya shi ka karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasa, nan ne ake ɗan jin kunyar yin ƙarya. Ka duba ko akwai jan maɓallin nan da ke yanke wuta in inji ya yi zahi. A garin da Afrilu ke wuce digiri 40, blanda maras shi gawa ce ba a kai ba.

In tumatur da tattasai da tarugu ne kawai, wat 400 zuwa 500 na gaskiya ya ishe ta. In kuwa za ta riƙa niƙa wake, ta dama hura, ta yi kunun aya da dabino, ta nemi mai 750, irin 'yan Indiya masu jog na ƙarhe. Ni su nike so, ko da suna da ƙara awa jirgi. Kada ta yi kwaɗayin mai 1500 in ƙaramin janareto gare su, ba shi ɗaukar ta. Kuma ran da anka kawo rabin wuta, ƙwan lantarki ya yi ja, ta haƙura ta aika injin markaɗe, don nan ne motar cikin blanda ke nishi har ta ƙone.

'Yar gwanjo ta Amurka bolt 120 ce, wutarmu ta 230 ta hi ƙarhinta, ba sai na tsaya yi maka bayani ba. Haƙorin robar da ke juya jog da gawayin da ke cikin motar blandar kuwa, in ba a saida irin nata a garin ga, ku wuce.

Ta jiƙa ayarta tun dare, ta cire ƙwallon dabino, ta riƙa ba injin hutu bayan minti ɗaya. Rabin waɗanda ke jibge bayanka, aya busassa ta kashe su.

Miƙo man sukundireban nan. Kuma in ta saye ka kawo ta nan in sa mata reza kahin a yar da rasit.