Lardin Shuɗin Nilu da Zamanmu a Cikinsa: Amsa ga Ɗan'uwa Basakkwace

Malam, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambaye ni abin da ya sa Hausawa masu yawa haka suka taru a gefen kogi guda a tsakiyar Sudan, kuma ka ce a Sakkwato ana ɗaukarmu alhazan da guzuri ya ƙare musu a hanya, suka rasa gaba suka rasa baya. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta kai rabin labarin ba, kuma ba zan iya ba ka sauran ba sai na fara bayyana maka yadda ƙasar take da yadda Turawan Ingila suka tsara ta, domin kogin da dokar Bature su ne suka yanka mana irin zaman da muke yi har yau.

Kogin da muke kira Nilul Azrak, wato Shuɗin Nilu, yana fitowa daga tafkin Tana a kan tsaunukan Habasha, ya shigo Sudan ta wajen Rusairis, ya bi ta Sinja da Sinnar da Wad Madani, sannan ya haɗu da Farin Nilu a Khartum. A bakin Larabawan nan kalmar azrak ta fi nufin abu mai duhu, kuma duk wanda ya ga kogin a watan Agusta, lokacin da ya cika ya tumbatsa yana ɗauke da laka daga Habasha, zai gane dalilin sunan. Ƙasar da ke tsakanin kogunan biyu ita ake kira Jazira, shimfiɗaɗɗen fili ne na baƙar laka wadda take tsagewa da rani har ƙafar mutum ta shige, da damina kuma ta riƙe ruwa ta kama takalmi. Filin yana da ɗan gangare daga kudu zuwa arewa, wanda ido ba ya gani amma ruwa ya san da shi, kuma a kan wannan gangaren aka gina arzikin lardin gaba ɗaya. Ruwan sama yana ƙaruwa ne idan ka nufi kudu: wajen Khartum kusan hamada ce, a Madani ana samun abin da zai nunar da dawa a shekara mai kyau, a Rusairis kuwa daji ne mai itatuwa da ciyawa har zuwa duwatsun Ingasana da iyakar Habasha. Ta gabas koguna biyu na damina, Dindir da Rahad, suna zuba a cikin babban kogin.

Kafin Bature, wannan ƙasa ta sarakunan Funj ce, waɗanda suka kafa daularsu a Sinnar a 1504 suka riƙe ta sama da shekara ɗari uku, har sojojin Muhammadu Ali na Masar suka karɓe ta a 1821. Bayan wannan mulki na Masar, wanda ake kira na Turkawa, sai Mahadi, wanda ya ci Khartum a 1885, sannan Ingila ta karya dakarun magajinsa Halifa Abdullahi a Karari kusa da Umdurman a 1898. A shekarar da ta biyo aka ƙulla mulkin tarayya tsakanin Ingila da Masar, wanda a aikace Ingila ce take juya shi. Suka yanka ƙasar larduna, kowane lardi ana kiransa mudiriyya, mai riƙe da shi mudir, daidai da Razdan a wajenku, ƙarƙashinsa mufattish a matsayin Di'o, sai mamur, sannan masu sarautar gargajiya: nazir da umda da shaihi. Lardin Shuɗin Nilu yana da hedkwata a Wad Madani. Da farko kudancin kogin lardi ne dabam mai hedkwata a Sinja, Farin Nilu ma yana da nasa, amma a shekarun 1930 aka haɗe su, lardin ya zama babba ƙwarai, daga kusa da Khartum har iyakar Habasha. Bayan samun 'yanci a 1956 an ci gaba da sunan, sai a zamanin Numairi aka fara rarraba shi, kuma a yau jihohi huɗu ne suke zaune a inda yake: Jazira, Sinnar, Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Saboda haka idan dattijo a cikinmu ya ce shi mutumin mudiriyyar Nilul Azrak ne, yana iya nufin Madani ko Kosti ta bakin Farin Nilu, ba lallai Damazin, hedkwatar Shuɗin Nilu ta yau, ba.

Mutanen yamma sun daɗe suna ratsa wannan ƙasa zuwa Makka tun kafin Bature, ta Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan, su tsallake Nilu su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Amma zaman da ya kafu da sunansa da sarautarsa ya faro ne daga abin da ku kuka fi mu sani. Da Lugga ya ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira zuwa gabas, jama'a suka bi shi daga garuruwa da yawa, aka tare su a Burmi a watan Yuli na wannan shekarar, ya yi shahada tare da ɗimbin mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, ya ja waɗanda suka tsira, suka yi shekaru a hanya har suka iso bakin Shuɗin Nilu. Garin da suka kafa a yammacin kogin, tafiya kaɗan kudu da Sinnar, shi ne Mai Wurno, kuma sunan ya samo asali ne daga Wurnon da ka sani. Zuriyarsa suna riƙe da sarautar garin, ana ce wa mai riƙe da ita Sultan. Gidan sarautar na Fulani ne, kuma a garin ana jin Fulatanci da Hausa da Larabci, wani lokaci a bakin mutum ɗaya. Abin lura a nan shi ne mutanen da suka guje wa mulkin Ingila a yamma sun iske shi ya riga su zuwa gabas, kuma Turawan Sudan, duk da tsoron da suke yi wa duk wani mai ƙamshin Mahadiyya, sun bar su sun zauna, domin yaƙe-yaƙe da yunwa na zamanin Mahadiyya sun rage mutane a bakin kogin, ana neman hannun da zai yi noma.

Wannan buƙata ta hannu ita ce ta kawo mafi yawan kakanninmu, ciki har da nawa. Masaƙun Lankasha a Ingila suna son auduga mai dogon zare, gwamnatin Khartum kuma tana son kuɗin shiga da zai raba ta da tallafin Masar. Jirgin ƙasa ya iso Madani a 1909, aka gwada noman auduga da famfo a Tayyiba a 1911, gwajin ya yi kyau, sai yaƙin duniya na farko ya tsayar da aikin. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, mai tsawon kimanin kilomita 3, aka buɗe babbar magudana wadda take ɗaukar ruwa ta bi gangaren Jazira ba tare da injin ba. An fara da kimanin fadan 300,000, shi fadan kuwa ya ɗara eka kaɗan, kuma bayan an ƙara yankin Manakil a ƙarshen shekarun 1950 filin ya kai wajen fadan miliyan 2. Aikin na hannu uku ne: gwamnati ta kawo ruwa, kamfanin Turawa ya kula da gudanarwa daga ofishinsa na Barakat, manomi kuma ya yi noma ya karɓi kashi 40 cikin ɗari na kuɗin auduga. A 1950 gwamnati ta karɓi gudanarwar daga hannun kamfanin.

Gonar da ake ba manomi ana kiranta hawasha, kuma wannan kalma ce da za ka riƙe idan kana son ka fahimce mu. An raba hawasha ne da farko ga masu ƙasar da mutanen ƙauyukan Jazira, amma mai hawasha ba zai iya cirar audugarsa shi kaɗai ba, kuma da yawa daga cikinsu suna ganin aikin gona da hannu ya yi musu ƙasa. Sai ga mutanenmu suna isowa daga Kano da Katsina da Haɗeja da Damagaram, sun biyo ta Maiduguri da Fort Lami da Abeshe da Junaina da Fashir har Ubayyid, inda layin dogo ya ƙare. Alhaji yakan tsaya ya yi shekara biyu ko uku yana ciran auduga ko yana noman raba-daidai da mai hawasha don ya tara kuɗin jirgin ruwa, ya je ya sauke farali, ya dawo ya sake tsayawa don ya tara na komawa gida, kafin nan 'ya'ya sun girma, an yi aure, an binne iyaye a ƙasar. A shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi kuma ciwo ya kama shuka, masu hawasha da dama sun yar da gonakinsu, wasu mutanen yamma suka samu, amma da kasuwa ta farfaɗo aka tsuke ƙofar. Waɗanda ba su da hawasha suka zauna a rugagen ma'aikata a bakin magudanai, waɗanda ake kira kambo, jam'insu kanabi, a kan ƙasar da ba su da takardarta, kuma akwai gidajen da suka yi jikoki da tattaɓa-kunne a cikin wannan hali.

Wasu kuma sun bar auduga sun bi kogin zuwa kudu, kuma a nan ne aka fi sanin Bahaushe da sana'arsa. Idan ruwa ya janye bayan damina yakan bar gaɓa mai danshi da ake kira jarf, a nan muke shuka albasa da tumatir da kuɓewa da masara, kamar yadda kuke yi a fadamun Rima. Su kuma masuntanmu, musamman zuriyar Kabawa, sun riƙe kamun kifi daga Sinnar har tafkin da madatsar Rusairis ta tara bayan an gama ta a 1966. A kasuwannin birane kuwa tsiren da ake kira agashe, wanda kowane Basudane ya sani, sunansa ma Hausa ne, haka kuma godogodo da matanmu suke damawa da gero. A gida muna cin tuwo da miyar kuka, muna kuma cin kisra da mulah kamar maƙwabta. Makarantar allo tana nan, sai dai halwa ake ce mata. Hausarmu ta sha Larabci sosai, har idan ka zauna da samarinmu za ka ji rabin kalmomin kasuwa da na ofis ba naka ba ne, amma gaisuwa da sunayen dangi da maganar aure suna nan yadda kakanni suka zo da su, kuma wasu tsofaffin kalmomi da na ji an ce sun ɓace a Kano suna raye a bakin tsofaffinmu mata.

Ka tambayi dalilin da ya sa ake kiranmu Fallata ko Takari. Sunaye ne da Larabawa suke haɗa duk mutumin yamma a ciki, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, kuma sau da yawa akwai raini a cikin furucin. Tushen rainin yana cikin tsarin da na faɗa maka. Turawa sun gina mulkin gargajiya a kan abin da ake kira dar, wato kowace ƙabila da ƙasarta da nazir ɗinta, wanda ba shi da dar kuwa baƙo ne ko da ya shekara ɗari, yana noma da izinin wani, yana kai ƙara gaban umdan wani. Sannan dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, wadda aka sabunta a 1957, ta ce Basudane shi ne wanda kakanninsa suke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897. Ka duba wannan rana ka duba shekarar Burmi, za ka ga cewa an rufe ƙofa shekara biyar da 'yan watanni kafin mutanen Attahiru su bar gida. Daga baya an sassauta dokar, kuma mafi yawanmu yanzu muna da takardar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, 'ya'yanmu suna cikin soja da jami'a da asibiti, amma na ga mahaifina yana tara shaidu da rantsuwa kafin a ba shi takardar da maƙwabcinsa ya karɓa a yini ɗaya, alhali a ƙasar aka haife su duka biyun.

Wannan tsohuwar magana ta dar ita ce ta fashe a watan Yuli na 2022 a Rusairis da kewayenta, lokacin da neman da Hausawa suka yi na samun sarautarsu a cikin tsarin gargajiya ya zama faɗa tsakaninsu da wasu ƙabilun yankin, aka sake yi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, aka rasa ɗaruruwan rayuka, dubbai suka bar gidajensu. Na san a lokacin ne da yawa daga cikinku suka fara jin labarinmu a rediyo. Ba na ɗora laifin duka a kan maƙwabtanmu, domin su ma mutane ne da aka ƙwace musu filaye masu yawa aka ba manyan 'yan kasuwa masu noman tarakta, aka bar talakawa suna rigima a kan abin da ya rage. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma bai tambayi kowa ƙabilarsa ba da ya iso Madani a Disambar wannan shekarar da Sinja a tsakiyar 2024, Balarabe da Bahaushe hanya ɗaya suka bi da kaya a ka.

Game da shawararka cewa mu dawo gida, na gode, kuma na san da zuciya ɗaya ka faɗa. Akwai waɗanda suka koma tun yaƙin nan, kuma an karɓe su da mutunci. Sai dai ni kakana yana kwance a maƙabartar da ke gefen magudana a kudancin Jazira, mahaifina yana kusa da Sinnar, gonar albasar da nake ci da ita tana bakin kogin nan, kuma sunan unguwar da kakana ya baro a ƙasar Katsina kaɗai na sani, ban san ƙofar gidan ba. Abin da nake roƙo shi ne, idan hanya ta buɗe, malamanku masu binciken tarihin jihadi su zo Mai Wurno su zauna da dattawa, domin akwai takardu da waƙoƙin Fulatanci da labaran hijira a hannun iyalai, kuma masu iya karanta su da ba da labarinsu suna raguwa kowace shekara.