Idan bayanan waje suka saɓa wa namu, wanne za mu bi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina aiki a sashen da ke kula da kundin abokan hulɗar kamfaninmu, wato masu saye a wurinmu da masu kawo mana kaya. Kundin ya cakuɗe. Kamfani ɗaya sai ka same shi sau uku, suna ya ɗan bambanta, adireshi tsoho, wasu ma sun daina aiki tuntuni amma suna nan a manhajarmu kamar ba abin da ya faru. Shugabanni sun ce a sayi bayanai daga wani kamfanin waje, a haɗa da rajistocin hukuma, a zuba a namu don komai ya daidaita. Idan nasu ya saɓa wa namu, wanne za a bi? Kuma tunda suna da lambar shaida ga kowane kamfani, me zai hana mu watsar da tamu mu ɗauki tasu?

Amsa: Barka kadai, Malam. Zan fara da tambayarka ta biyu, don ita ce wadda in aka yi kuskure a kanta ake shekaru ana gyara.

Kada ku watsar da lambarku. Lambar da wani ya bayar tasa ce, shi ke da ikon janye ta, ko sauya ta, ko haɗe biyu su zama ɗaya. Gwamnatin Amurka ta daɗe tana gane masu yi mata kwangila da lambar D-U-N-S, lamba mai alƙaluma 9 da kamfanin Dun & Bradstreet ke bayarwa. A watan Afrilun 2022 ta daina, ta koma amfani da tata lambar mai gurbi 12. Duk wanda ya gina kundinsa a kan waccan lambar a matsayin ginshiƙi, sai da ya tona harsashi. Ko lambobin ƙasashe na ISO 3166, na hukumar daidaita ma'auni ta duniya, da ake ganin ba sa motsi, sun taɓa ba mutane kunya: haruffan CS na Czechoslovakia ne har ta rabu a 1993, sai a 2003 aka ba Serbia da Montenegro su, aka kuma janye su a 2006. Haruffa biyu, ƙasashe biyu daban, kuma babu ko ɗaya a cikinsu yanzu.

Saboda haka kowane abokin hulɗa ya riƙe lambarku ta cikin gida, wadda ba ta da wata ma'ana, ba ta sauyawa, ba a kuma sake ba wa wani ita. Lambobin waje a ajiye su a gefe, a teburinsu, kowace da nau'inta, da wanda ya bayar da ita, da ranar da ta fara aiki, da ranar da ta daina. Kamfani ɗaya zai iya rataye lamba shida ko bakwai a wuyansa, babu laifi.

Bayanan waje kuma iri biyu ne, kuma bai kamata a riƙe su da hannu ɗaya ba. Akwai jerin lambobin da kowa ke aiki da su: ƙasashe, kuɗaɗe na ISO 4217, rabe-raben sana'o'i irin su ISIC na Majalisar Ɗinkin Duniya ko NACE na Tarayyar Turai. Waɗannan ba su da wahala. Ku ɗauko daga asalin mai su, ku naɗa mutum ɗaya da ke bin sauyinsu, kada kuma ku goge tsohuwar lamba idan ta daina aiki, ku dai rufe ta. Kuroshiya ta koma kuɗin euro a ranar 1 ga Janairun 2023, amma takardun biyan da aka rubuta da tsohon kuɗinta mai suna kuna a 2022 suna nan, kuma mai binciken asusu zai nemi su.

Iri na biyu shi ne bayani a kan wani kamfani takamaimai: sunansa, matsayinsa, mai shi. Nan aikin yake.

Kafin ku karɓi ko layi ɗaya daga waje, ku zauna ku amsa wata tambaya da ta yi kama da wasa: mene ne "abokin hulɗa ɗaya" a wurinku? Kamfanin da doka ta sani? Ko reshen da ake kai wa kaya? Ko dukan rukunin kamfanonin da ke ƙarƙashin uwa ɗaya? Majiyoyin waje ba su yi ittifaƙi a kan wannan ba. Lambar LEI, wato lambar shaidar kamfani ta duniya, kamfanin da doka ta sani take bi. D-U-N-S tana iya ba kowane reshe tasa lambar. Lambar GLN ta GS1, ƙungiyar da ke tsara lambobin kayan ciniki, mai alƙaluma 13, an fi amfani da ita wajen gane wuri, kamar ɗakin ajiya ko ƙofar karɓar kaya. In ba ku daidaita wannan ba, za ku ga kamar kundinku cike yake da maimaici alhali rassa ne, ko ku haɗe kamfanoni biyu masu lambar haraji daban don kawai suna gini ɗaya. Ni shawarata, shafin asali ya zama na kamfanin da doka ta sani, tunda shi ke sa hannu a yarjejeniya, shi ake bin bashi, shi ake kai wa ƙara. Rassa da adireshi su rataya a ƙarƙashinsa, dangantakar uwa da 'ya kuma a rubuta ta daban, da ranakunta. A 2015 Google ta koma ƙarƙashin sabuwar uwa mai suna Alphabet. A 2021 kuma Facebook ta sauya sunan kamfaninta zuwa Meta Platforms. Na farko sauyin dangantaka ne, na biyu sauyin suna. Kundin da ba zai iya bambance su ba zai buɗe sabon shafi a inda ba a buƙata.

LEI ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, don bayananta kyauta ne kuma mutane na yi mata mummunar fahimta. Ta samo asali ne daga rushewar bankin Lehman Brothers a Satumban 2008, lokacin da manyan bankuna suka kasa faɗin nawa suke bin rukunin, saboda kamfanoninsa na da yawa kuma kowane sashe ya rubuta su yadda ya ga dama. Daga nan ƙasashen G20 suka goyi bayan lamba ɗaya ta duniya, mai gurbi 20, bisa ƙa'idar ISO 17442, aka kuma kafa gidauniyar GLEIF mai kula da ita a 2014 a birnin Basel na Suwizalan. Kowa na iya sauke bayananta, har da bayanin wane ne ke mallakar wane. Amma iyakarta a fili take: galibin masu ita kamfanoni ne da ke hulɗa da kasuwannin kuɗi, ƙaramin mai kawo muku kaya da wuya ka same shi a ciki. Sannan ana sabunta ta duk shekara, kuma idan ka ga an rubuta cewa ta wuce wa'adi, wannan ba ya nufin kamfanin ya mutu. Yana nufin bai sabunta ba, don haka bayanin na iya tsufa. Na ga inda aka toshe biyan kuɗin mai kawo kaya da ke aiki lafiya lau saboda wannan kuskuren karatu.

Wajen haɗa shafinku da nasu, a fara da lamba: lambar rajistar kamfani, lambar haraji, LEI, kowace tare da ƙasarta, don lambar rajista ɗaya na iya fitowa a ƙasashe biyu. Sai inda babu lamba a koma ga suna da adireshi, bayan an cire ƙarin da ke bayan suna irin su Ltd da GmbH, an kuma daidaita rubutu. Manhaja za ta ba kowane haɗi maki. Masu maki sosai su wuce, marasa maki a bar su, na tsakiya kuwa mutum ya duba da idonsa. Matsin da za ka fuskanta daga sama shi ne a sassauta ma'auni don adadin da aka haɗa ya yi kyau a rahoto. Ka ƙi. Maimaici ɓacin rai ne kawai, amma haɗe kamfanoni biyu da ba ɗaya ba yana cakuɗa basussuka, da iyakar bashi, da asusun banki. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Duk manhajar da ba ta iya warware haɗin da ta yi, kada ku saya.

Yanzu tambayarka ta farko: wanne za a bi? Ba a amsa ta ga shafi gaba ɗaya, gurbi-gurbi ake amsa ta. Sunan da doka ta sani, da adireshin rajista, da ko kamfanin na raye ko an rushe shi, maganar rajistar hukuma ce ke gaba, irin Companies House a Birtaniya da takwarorinta a sauran ƙasashe. Mai sayar muku da bayanai ma galibi daga can yake ɗebowa, wani lokaci a makare. Amma inda ake sauke kaya, da wanda ake kira idan an samu matsala, da kwanakin da aka yarda a biya, ku kuka fi kowa sani. Adireshin rajista sau da yawa ofishin lauya ne ko na akanta. Ka bar shi ya goge adireshin kai kaya, motarku za ta tsaya a ƙofar lauya.

Asusun banki kuwa babu majiyar da za a bari ta taɓa shi ita kaɗai. Mutane na ruɗuwa da gwajin IBAN, wato lambar asusun banki ta ƙasa da ƙasa. Ga yadda yake: a ɗauke gurabe huɗu na farko a mayar ƙarshe, a juya haruffa zuwa alƙaluma, A ta zama 10 har Z ta zama 35, a raba da 97, in saura ya zama 1 lambar ta ci gwaji. Abin da wannan ke kamawa kuskuren bugawa ne. Asusun ɗan damfara ma zai ci gwajin sarai. Wasu yankuna sun fara tilasta wa bankuna gwada suna da lambar asusu kafin a tura kuɗi, kamar yadda aka yi a ƙasashen da ke amfani da euro daga Oktoban 2025, kuma hakan ya taimaka. Duk da haka, in saƙo ya zo cewa mai kawo kaya ya sauya asusu, a kira shi ta lambar wayar da ke kundi tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba, kuma mutum biyu su amince.

Wannan duka ba zai yiwu ba sai idan bayanan waje na da masaukinsu. Kada su shiga kundi kai tsaye. Su sauka a wani wuri na daban yadda suka zo, da sunan majiya da ranar ɗauka, sannan ƙa'idojinku su zaɓi abin da zai hau shafin asali. Kowane gurbi ya iya faɗin daga ina ya zo, yaushe, wa ya amince. Ranar da mai binciken haraji ya tambaya me kuka sani game da wannan kamfani a lokacin da kuka sayar masa, wannan tarihin ne zai amsa.

Misalin VIES, wato hanyar tantance lambar harajin VAT a Tarayyar Turai, zai nuna maka wani tarko. Ba ta da rumbu nata, tambaya take miƙa wa rumbun kowace ƙasa. Wani lokaci na wata ƙasa ba ya amsawa, wasu ƙasashen kuma suna cewa lamba na aiki amma ba sa bayar da suna. Don haka amsa uku ce, ba biyu ba: tana aiki, ba ta aiki, ba a samu amsa ba. Manhajar da ta ɗauki shiru a matsayin a'a za ta tsayar muku da ciniki a banza. Kuma daga farkon 2021 lambobin Birtaniya masu farawa da GB suka fita daga tsarin, sai na Ireland ta Arewa masu farawa da XI suka rage. Majiya ma iyakarta na sauyawa.

Jerin takunkumi shi ne inda bayanin mallaka ke nuna amfaninsa. Ofishin OFAC na baitulmalin Amurka yana da ƙa'idar kashi 50: kamfanin da waɗanda aka sa wa takunkumi suka mallaki rabinsa ko fiye, ko da a haɗe ne, shi ma takunkumin ya hau kansa, ko da sunansa bai fito a jeri ba. Gwada suna kaɗai ba zai kama wannan ba. Kuma jerin OFAC da na Majalisar Ɗinkin Duniya da na Tarayyar Turai suna sauyawa ba sanarwar da za ta jira ku, saboda haka duk lokacin da jeri ya sabunta a sake gwada kundin duka. Wanda ya tsabtace kundi sau ɗaya ya tafi, ya kashe maciji bai sare kansa ba. Ku nemi majiyar da ke turo sauyi da kanta, ku kuma raba sauye-sauyen: gyaran lambar gidan waya ya wuce shi kaɗai, amma labarin fatara, ko sauyin mai kamfani, ko rushewa, ya je teburin mutum mai suna, da wa'adin amsawa.

Ka karanta yarjejeniyar saye da kanka, kada ka bar wa sashen shari'a kaɗai, don su ba su san inda bayanan za su bi ba. Za a iya kwafa su zuwa sauran manhajojinku? Rassanku na wasu ƙasashe fa? In kun rabu da mai sayarwa, dole ne ku goge abin da kuka ɗauka? Idan amsar e ce kuma kun bari nasu ya goge naku, ranar rabuwa kundinku zai zama fanko. Sannan mai sana'a shi kaɗai, wanda sunan kasuwancinsa shi ne sunansa, bayanansa na mutum ne a ƙarƙashin dokoki irin su GDPR, dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki a Mayun 2018, don haka ba a riƙe shi kamar kamfani.

Inda za ku fara kuwa, ba tsohon tari ba ne. Ku fara da ƙofar shiga: duk mai son buɗe sabon shafi ya buga ƙasa da lambar rajista, manhaja ta duba ko yana kundi, ta ɗauko suna da matsayi daga majiya, ta hana shi buga su da hannu. Bayan nan ku ɗauki waɗanda kuka yi ciniki da su a shekara biyu da suka wuce, manya kafin ƙanana. Sauran da suka daɗe shiru a kulle su kawai, kada a biya kuɗin tantance su, sai ranar da wani ya nemi a buɗe.