"Ni da matata" a wasiƙar gayyatar Hajiya

Wani ɗan'uwa da ke aikin kula da tsofaffi a birnin Mancesta ya aiko mini da wasiƙar da ya rubuta domin a ba mahaifiyarsa bizar ziyara ta wata 6 zuwa Ingila. Ya ce wani Bature abokin aikinsa ya ja layi a ƙarƙashin jimlar farko, bai kuma gaya masa abin da ya ɓaci ba. Ga jimlar: "Me and my wife is inviting my mother, and I will pay for her ticket and I will feed her."

Malam, Allah ya kawo Hajiya lafiya. Gyaran farko yana wurin aikau, wato masu yin aikin. Da Hausa ba za ka taɓa cewa "ni da matata yana gayyata" ba, domin kunnenka ba zai yarda ba sai ka ce "muna". Haka Turanci yake: idan "and" ta haɗa mutum biyu, aikatau, wato kalmar da ke nuna aikin, ya zama na jam'i, saboda haka "are" ce ta dace, ba "is" ba. Inda harsunan suka rabu shi ne jeri, domin Bahaushe yana fara ambaton kansa, shi kuwa Bature a rubutun hukuma yakan bar kansa a ƙarshe, ya ce "My wife and I are inviting".

Sai dai akwai tarkon da ya fi kama mu, kuma "da" ɗinmu ce ke ɗana shi, tunda ita kaɗai take ɗaukar aikin "and" da na "with". A Turanci ba su zama ɗaya ba. Idan ka rubuta "My mother, together with my sister, is coming", aikatau yana nan a tilo, saboda Hajiya ce kaɗai aikau, ƙanwar taka rakiya ta yi. Idan kuwa "or" ce a tsakani, aikatau yakan bi sunan da ya fi kusa da shi.

Rabin jimlar na biyu ba kuskure ba ne, Hausa ce sanye da rigar Turanci. Mu kan ce "na tashi na yi alwala na fita", muna maimaita wakilin suna a gaban kowane aiki, alhali su Turawa sau ɗaya suke ambaton sa, sannan su jero ayyukan: "I will pay for her ticket and feed her."

Amma ka lura, ka fara da ku biyu, ka ƙare da kai kaɗai. Jami'in biza zai gwada wasiƙar da takardun bankin da ka haɗa, don haka idan daga asusunku na haɗin gwiwa kuɗin tikitin zai fita, ka rubuta "we will pay". Idan albashinka ne kawai, ka bar "I" ɗinka yadda take.