Kyandirina Yana Lanƙwashewa, Kuma Yana Hayaƙi

Tambaya: Ina sana'ar kyandir a gida a unguwar Mabera, Sakkwato, amma yana lanƙwashewa tun kafin in sayar, kuma yana hayaƙi. Ina mafita?

Amsa: Malama, zafin Sakkwato a watan Afrilu yakan haura digiri 40, kakin farafin mai taushi kuwa yana saki tun bai narke ba, saboda haka ki haɗa shi da sitiyarin (wani farin sinadari mai kama da kaki), kimanin kashi 10 cikin 100, domin ya yi tauri. Hayaƙi kuma yawanci laifin lagwani ne, ko dai ya yi kauri ko ya yi tsawo. Ki nemi kitsattsen zaren auduga, ki tsoma shi cikin narkakken kaki, sannan ki datse bakinsa ya rage kamar rabin santimita. Kada ki narka kaki kai tsaye a kan wuta, sai dai ki ɗora tukunyar cikin ruwan zafi.