Barin sashen kulawa ta musamman don aikin ƙungiyar agaji

Ƴar'uwa, kin ce shekararki uku kina jinya a sashen kulawa ta musamman a Tawa, kuma wata ƙungiyar agaji ta yi miki tayin kwantiragin wata 12 da albashin da ya fi naki, kina tambaya ko ki ajiye aikinki ki karɓa. Shawarata ita ce kada ki yi murabus. Idan kina da lambar aikin gwamnati, ki rubuta takardar neman dakatar da aiki na ɗan lokaci ba tare da albashi ba, ta bi ta hannun shugabanninki, kuma kada ki sa hannu a kwantiragin sai amsa ta zo miki a rubuce.

Dalilina shi ne kwantiragin ƙungiya yana ƙarewa ranar da kuɗin shirin suka ƙare, hannu kuma yana mantuwa fiye da yadda muke zato. Ni kaina na yi shekara biyu ina cike takardun rahoto a aikin ƙungiya, kuma da na dawo aikin jinya na dare a Yamai, sai da na yi makonni kafin na daina ɗar-ɗar wajen daidaita na'urar taimakon numfashi, ko canza sirinjin maganin ɗaga hawan jini ba tare da jinin majinyaci ya faɗi ba. Saboda haka ki tambaye su tun yanzu ko a bakin gadon majinyaci za ki yi aikin, ko a ofis za su zaunar da ke.