Amsa kan fayil ɗin WAV da ke karantuwa a Windows amma ya rikice a Ubuntu

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun daren jiya: ka rubuta manhaja da harshen C mai karanta kan fayil ɗin sauti na WAV, wato bayanan da ke farkon fayil ɗin, a Windows tana ba ka 44100 a matsayin yawan sautin da ake ɗauka a daƙiƙa, da ka kai ta Ubuntu, wadda nau'in Linux ce, sai ta fito da wata doguwar lamba marar kan gado. Na duba struct ɗin da ka liƙa, wato tsarin guraben da kake zuba bayanan a ciki. Fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, nau'in lambar nan long da ka cika struct ɗin da shi ne ya jawo.

Harshen C bai yanke wa long girma guda ba, cewa kawai ya yi kada ya gaza bit 32. A Windows, ko da mai bit 64 ce, long bayit 4 ne. A Linux mai bit 64 kuwa bayit 8 ne. Shi fayil bai san da wannan ba. Waɗanda suka tsara WAV sun riga sun ƙayyade cewa yawan sautin da ake ɗauka a daƙiƙa yana zaune a bayit na 24 zuwa na 27, huɗu cif, ko a wace kwamfuta aka buɗe shi.

Bari mu bi struct ɗinka a Ubuntu ka ga inda aka kauce. Kalmar RIFF ta ci bayit 4. Sai kwamfaila, wato manhajar da ke fassara C zuwa harshen inji, ya cusa bayit 4 na ciko, don yana son long ya fara a wurin da 8 ke rabawa. Long ɗin ya ci 8. A haka a haka, kafin a iso gurbin da kake nema an kai bayit na 40 maimakon na 24. To a na 40 girman sautin gaba ɗaya ne ke zaune, ga kuma bayit huɗu na farkon sautin da aka haɗa da shi. Wannan gaurayen ne ka gani a allo.

Gyaran farko: saka stdint.h, wanda ya shigo tun C99, ka mai da kowane long uint32_t, kowane short uint16_t. Waɗannan girmansu na cikin sunansu. A WAV wannan kaɗai zai isa, domin gurabensa sun daidaitu. Amma kada ka saba da zuba fayil kai tsaye cikin struct. Ranar da ka taɓa fayil ɗin hoto na BMP za ka gani: kansa bayit 14 ne, yana farawa da 2 sai 4, kwamfaila kuma zai mai da shi 16.

Abin da ni nake yi shi ne in karanto bayit 44 cikin jerin unsigned char mai suna b, in haɗa lambar da hannuna: b[24], sai b[25] a tura shi hagu bit 8, b[26] bit 16, b[27] bit 24, bayan an mai da kowanne uint32_t. Wannan yana kashe wata matsalar ma, ta jerin bayit. WAV ƙaramin bayit yake sawa a gaba, shi ya sa 44100 ke bayyana 44 AC 00 00. PNG kuwa babban yake sawa a gaba. In ka haɗa da hannu, kai ka zaɓi jerin, ba injin ba.

Ni wannan darasin a wurin rijiyar burtsatse na koye shi. Na haɗa wa wani mai gona ƙaramar na'urar Arduino Uno da ke ƙirga litar ruwa yana ajiyewa a katin SD. A Uno int bayit 2 ne, iyakarsa 32767. Ranar da ƙirgen ya wuce nan sai ya koma ƙasa da sifili. Da na kawo katin gida na karanta da int na kwamfutata mai bayit 4, sai kowane ƙirge biyu suka manne suka zama ɗaya. Kwana biyu ina zargin katin, har na sayi sabo, mutumin kuma yana jiran lissafin da zai biya kuɗin mai da shi. Abin ya dame ni ƙwarai, don amanarsa ya ba ni.

Na kuma lura "r" ka sa a fopen. Mai da shi "rb", don a karanto bayit yadda suke, ba a matsayin rubutu ba. Linux bai damu ba, amma da "r" Windows na sauya bayit 0D 0A, alamar ƙarshen layi, kuma in ya ci karo da 1A yana ɗaukarsa ƙarshen fayil, ga shi sauti cike yake da irinsu. Sannan ka riƙa duba abin da fread ya dawo da shi.

Kada kuma ka dogara cewa kalmar data, wadda ke nuna farkon sashen sauti, kullum tana bayit na 36. Fayilolin da manhajar sarrafa sauti da bidiyo ta ffmpeg ke fitarwa sukan zo da sashen LIST kafin ita, don haka karanta sunan kowane sashe da girmansa, ka tsallake wanda ba ka buƙata.

In ka gyara bai yi ba, buga xxd -l 64 da sunan fayil ɗin a Ubuntu, ka turo layuka huɗun nan mu ƙirga tare. Ina nan bayan la'asar in sha Allahu.