Babur ya ƙi tashi: ta ina ake fara neman laifin wuta?

Filin nan na waya da kwamfuta ne, amma tun da damina ta kankama tambayoyi kan babur suke shigowa, kuma kusan dukansu a kan wuta suke. Lantarkin da ke cikin babur ba shi da bambanci da wanda muke aunawa a cikin caja ko batirin kwamfuta, don haka na ga bai kamata in mayar da masu tambayar ba.

Tambaya (daga wani ɗan acaɓa a Gusau): Assalamu alaikum Malam. Babur ɗina ɗan China ne mai 125, yana da kik da sitata. Ruwa ya dake ni da dare, da safe ya ƙi tashi. An canza fulogi, an canza kwayil, har yanzu shiru. Yanzu bakanike ya ce sai na sayi CDI. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka saya tukuna, ɗan'uwa. Abin da ya dame ni a labarinka shi ne an canza kaya biyu ba tare da an auna komai ba, ga na uku ana shirin ɗora maka. Kai kuma kowace rana da babur ya kwana a ajiye, abincin iyali ne ya ragu. CDI, wato ɗan akwatin da ke sakin wutar da ke zuwa fulogi, shi ne abu na ƙarshe da ake zargi, sai an wanke duk sauran.

Fara da tabbatar da cewa wutar ce babu. Kwance fulogi, ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji nesa da ramin da ka ciro shi, don tururin fetur na fitowa ta nan. Ka shiga inuwa, ka kunna makulli, ka taka kik. Kada ka riƙe fulogin da hannu, wutar da ke zuwa can dubban bolt ce. In ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi yana ƙyasƙyas, to laifin ba na wuta ba ne, ka koma kan mai. Bayan ruwan sama sau da yawa ruwa ne ke shiga tanki ta murfi ya taru a ƙasan kafireta, kuma akwai ƙaramin noti a gindinta da ake sassautawa ya tsiyaye. In babu tartsatsi sam, ko ja ne mai rauni, to mu ci gaba.

Yawancin ƙananan baburan da ke yawo a garuruwanmu masu kafireta suna da CDI ɗin da ake kira na AC. Wannan ba ya shan wuta daga batir. Daga maganaɗisun da ke juyawa a gefen hagu na inji yake samun wutarsa, shi ya sa kake ganin babur ba shi da batir ma amma yana tashi da kik. A irin wannan tsari, makulli ba ya ba inji wuta. Aikinsa shi ne ya kashe shi: in ka murɗa shi zuwa kashewa, sai ya haɗa wata waya ta CDI da jikin ƙarfen babur, wutar ta zube can, fulogi ya rasa. To ka ga inda ruwa ya shigo cikin maganar. In ruwa ko tsatsa ya shiga cikin makulli, ko cikin jan maɓallin kashewa da wasu baburan ke da shi a hannun dama, zai iya yin wannan haɗin da kansa ko da makulli na kunne. Babur yana nan lafiyarsa ƙalau, amma kamar an kashe shi ne.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A baburan da suka bi tsarin wayoyin Honda, kuma yawancin na China sun bi shi, wayar kashewa baƙa ce mai farin layi, koriya kuma ita ce ke zuwa jikin ƙarfe. Zare baƙar mai farin layin daga soket ɗin CDI, ko ka cire soket ɗin makulli da ke bayan fitilar gaba, ka sake taka kik. In tartsatsi ya dawo, ka kama ɓarawon: makulli ne ko wayarsa. A busar da shi, a goge tsatsar, in ya ƙi a canza shi kaɗai. Baburan Indiya irin su Bajaj da TVS launin wayoyinsu ya sha bamban, don haka mai irin su kada ya bi wannan launi ido rufe. Kuma ka tuna, in injin ya tashi alhali wayar na zare, makulli ba zai kashe shi ba sai ka mayar da ita.

In tartsatsin bai dawo ba, duba hular fulogi. Mutane na canza fulogi su manta da ita, alhali a cikinta akwai ɗan abin rage wuta da kan lalace. A mita, wato na'urar auna lantarki, yakan nuna kusan om 5,000; in mitar ba ta nuna komai ba, ya mutu. Murɗe hular ta fita, ka yanke kamar santimita ɗaya daga bakin wayar in ya yi kore, ka kusantar da bakin da jikin inji, ka taka kik. In wuta ta tsallaka daga wayar, hular ce. Sannan ka bi kowane soket daga inji zuwa CDI, ka buɗe, ka duba ruwa da koren tsatsa, ka tabbatar notin da ya ɗaure koriyar waya a jikin ƙarfe bai saki ba.

Sai kwayil ɗin da ke cikin inji. Wayoyi biyu ke fitowa daga can zuwa CDI: baƙa mai jan layi da ke kawo wutar, da shuɗiya mai farin layi da ke gaya wa CDI lokacin da zai saki tartsatsi. Sa mita a kan ma'aunin AC, bakinta ɗaya a baƙar mai jan layi, ɗayan a jikin inji, wani ya taka kik. Ya kamata ka ga bolt gommai. Shuɗiyar kuwa kaɗan take bayarwa, motsi kawai za ka gani a mitar. Wadda ta yi shiru a cikinsu, laifin yana can.

In duk waɗannan sun fita lafiya, sai a zo kan CDI. Mita ba ta iya gaya maka gaskiyarsa, don haka ka ari na abokin sana'arka mai babur irin naka, ka jona ka gwada kafin ka ciro kuɗi. In za ka saya, ka tafi da tsohon a hannu. Akwai na AC akwai na DC mai shan wuta daga batir, soket ɗinsu kan yi kama, amma ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya.

Tambaya (daga wata malamar makaranta a Maraɗi): Malam, ina da ƙaramin babur da nake zuwa aiki. In na danna sitata sai ya yi ƙas-ƙas kawai, amma da kik yana tashi. Batir na biyu ke nan cikin 'yan watanni. An sa min wurin cajin waya da ƙararrawar ɓarayi. Ko suna da hannu?

Amsa: Malama, akwai yiwuwar suna da hannu, kuma mita za ta raba gardama. Ƙarar da kike ji ta rile ce, ɗan makunnin da ke tura wuta mai yawa zuwa sitata. Yana ƙoƙarin haɗawa, wutar ba ta isa ba. Batir biyu a 'yan watanni kuwa na nuna cewa wani abu ne ke kashe su, kuma na uku ma zai bi su in ba a gano shi ba.

Awo uku za a yi, mita tana kan DC, bakinta ja a kan alamar + na batir, baƙin a kan alamar −. Na farko da safe kafin a tayar da babur: cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 zuwa 12.8, in ya sauko 12.0 ya yi ƙasa sosai. Na biyu a daidai lokacin da ake danna sitata: in ya faɗi ƙasa da bolt 10, batirin ba ya iya ɗaukar nauyi. In kuwa bai motsa daga 12 da ɗoriya ba amma sitata ba ta juya, batirin lafiya yake, a duba kawunansa ko sun saki ko sun yi farin gari, sannan rile, sannan burushin cikin sitata. Na uku bayan an tayar da shi da kik an ɗan ja mai: ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ya tsaya a 12, babur ba ya caji. In ya wuce 15, rektifaya, na'urar da ke daidaita wutar caji, ta lalace tana dafa batirin, kuma alamarta ita ce ruwan batir na saurin ƙafewa, ƙwan fitila na yawan ƙonewa.

Yanzu ga cajar waya da ƙararrawa. Batirin irin wannan babur ƙarami ne, yawanci an rubuta 5Ah a jikinsa, wato yawan wutar da yake iya ajiyewa. Wurin cajin waya yana sauke bolt 12 zuwa 5 da waya ke buƙata, kuma da yawa daga cikinsu na shan wuta kaɗan ko ba a jona musu komai ba. A ce na'ura tana jan miliyamfa 20 dare da rana: a yini ɗaya ta sha kusan rabin Ah, cikin kwana 10 ta kusa ƙarar da batirin gaba ɗaya. Ɗan acaɓa da ke yini a kan hanya ba zai lura ba, don caji na mayarwa. Ke da tafiyarki gajeriya ce, kuma babur na kwana a ajiye a ranakun hutu, asarar ta fi abin da ke shiga. Irin wannan batir kuma duk lokacin da ya zauna babu caji, farantan cikinsa na yin ɓawon da ba ya komawa.

Don a tabbatar, a kashe makulli, a cire wayar da ke kan alamar −, a sa mita a kan ma'aunin amfa tsakanin wayar da kan batirin. Kada a danna sitata a wannan hali, mitar za ta ƙone. Sai a riƙa cire na'urorin ɗaya bayan ɗaya ana kallon wadda lambar za ta faɗi a kanta. Wurin cajin waya a mayar da shi kan wayar da ba ta da wuta sai an kunna makulli, a sa masa ƙaramin fiyus nasa. Ƙararrawa dole ta zauna da wuta kullum, don haka in za ki ajiye babur a dogon hutu cikin gida, ki cire wayar − ɗin. In batirin mai murfi ne, ki riƙa duba ruwansa, musamman a zafin Afrilu da Mayu, kuma tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba.

Tambaya (daga wani ɗalibi a Zariya): Babur ɗina ya mutu ɗungurungum, babu fitila babu ham. An ce fiyus ne ke ƙonewa, sai mai gyara ya ɗaura siririyar waya a gurbinsa. Yanzu yana aiki. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, kuma ina roƙonka ka cire wayar nan yau. Yawanci fiyus yana ƙonewa ne don wata waya mai wuta ta goge tana taɓa ƙarfe. Da ka cire shi, abin da zai ƙone a gaba shi ne wayoyin da ke bi ta ƙarƙashin tankin fetur. Ka nemi inda aka goge: a wuyan babur inda wayoyi ke lanƙwasa duk lokacin da ka juya kai, a ƙarƙashin kujera, da duk wurin da aka taɓa yankewa don jona rediyo ko ƙarin fitila. Akwai dabara mai sauƙi. Jona ƙwan fitila mai bolt 12 a gurbin fiyus, ka kashe komai, ka riƙa motsa wayoyin. Inda ƙwan ya haska da ƙarfi, nan ne. In an gyara, a sa fiyus mai lamba ɗaya da na asali, a ƙananan babura yawanci amfa 10 ko 15 ne, kuma an rubuta a jikinsa.

Tambaya (daga wani mai karatu a Agadas): Zan iya tayar da babur da batirin mota?

Amsa: Za ka iya in duka biyun bolt 12 ne, da sharaɗin injin motar yana kashe. Ka haɗa + da +, sannan − na motar da jikin injin babur. Manyan motoci da yawa bolt 24 suke amfani da shi, kada ka kusance su. Bayan ya tashi kada ka cire kan batirin babur don ka ga ko yana caji, kamar yadda wasu ke yi. Wutar kan yi tsalle ta ƙona rektifaya, ko kwamfutar injin a sababbin babura marasa kafireta. Ka auna da mita, lambobin na nan a amsar malamar Maraɗi.